Ɗan Gutsira

Iskar arewa ta zo daren Laraba,
ta ɗage mana kwano huɗu kamar mai buɗe tukunya.
Ɗaya mun tsince shi a gonar dankali,
ɗaya a bakin teku, ya naɗe kamar tabarma,
biyu har yau babu labari.
A tsibirin Chiloé ba a barin ɗaki kai a buɗe,
ruwan nan bai san ranar hutu ba.

Na shiga motar safe zuwa Dalcahue
da kuɗin tumaki biyu ƙulle a aljihu.
Babana Eleuterio ya ce sai ya biyo ni,
shi da shekara arba'in yana bisa rufin mutane,
har zarto ya cinye masa kunne,
yanzu baki yake kallo in ana magana.

Don Nibaldo ya jere su a kan kanta.
Ya ce, "Herminia, ga su nan, zaɓi da kanki.
Wannan mai faifan, giranda, ta fi araha,
kafin ki ƙifta ido ta raba kwano biyu."
Sai ya rage murya.
"Amma da wuta take yanka.
Tana ƙone wa kwano farar rigarsa,
tartsatsinta ya zauna a kai kamar barkono,
damina ɗaya, duk inda ya sauka
tsatsa ta haihu.
Ga gishirin teku yana jira a ƙofa."

Babana ya riga ya ɗauki zarton zagaye,
yana shafa haƙoransa kamar ya ga tsohon aboki.
Na dube shi, na dubi kunnensa.
Na karɓe a hankali, na mayar kan kanta.

Almakashin lantarki ya yi mini kyau a hannu,
na gwada shi a guntun da ke jingine.
A kwari ya tafi sumul,
da ya iso tudu ya cije, ya tsaya yana kuka.
Kwano kuwa gona ce, kunya bayan kunya,
mai tsoron hawa ba ya kai ƙarshenta.

Saura ɗaya, mummuna, mai gajeren baki.
"Ɗan gutsira," in ji Nibaldo. "Ba ya sauri.
Ci yake kamar ɓera a buhu,
ya hau, ya gangara, ya sha kwana in kin so,
bakin yankan kuma da sanyinsa.
Kuɗinsa dai, kuɗinsa!
Kuma zai cika miki tsakar gida da jinjirin wata,
'yan ƙanana, masu kaifi,
su shiga takalmi, su shiga tafin kare."

Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Tunkiya biyu ba ta kai ba.
Ya rubuta saura a littafin bashi,
ya ɗora mini mayen ƙarfe kyauta, na tsince watanni.

Ran Asabar sama ta ba mu rancen awa biyar.
Ina bisa tsani, igiyar wuta a kafaɗa,
babana a ƙasa yana ja da alli,
bai ce mini komai ba sai da na kai bututun murhu,
inda yanka ke zagayawa.
Ya bi shi da babban yatsa, bai ji ƙaya ba.
Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya juya.

Da dare ruwa ya dawo karɓar bashinsa.
Sabon kwano ya fi tsohon surutu,
na ce masa, "Baba, kana ji?"
Bai ga bakina ba, fitila ta yi ƙasa.
Na same shi tsaye kan kujera,
tafinsa manne da katakon rufi,
yana sauraro da hannu.

Har yanzu in na share ƙofar gida
nakan tsinci wata ɗaya ko biyu.